Darajar Abokin Karawa

Bari mu yi misali da maƙwabta biyu a unguwar Chaza, cikin Suleja. Ɗan wannan yana wasan ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗan wancan kuwa a Jami'ar Bayero ta Kano. Jami'o'in ƙasarmu sun soma gasar wasanni tsakaninsu a Ibadan cikin shekarar 1966, don haka ba wuya 'ya'yan maƙwabta su fuskanci juna a fage. Ran da suka kara, zuciyar kowane uba tana wurin ɗansa, haka kuwa ya kamata. Amma washegari iyayen nan za su gamu a ƙofar gida. Me wanda ya ci zai faɗa? Me wanda aka ci zai amsa? Tambayarmu ke nan: ko mutum ya iya tsayawa da aminci ga ƙungiyarsa, ya kuma girmama waɗanda ke ƙoƙarin kā da ita?

Waɗansu sun ce ba shi yiwuwa. A ganinsu, wanda ya yabi abokan hamayya, ruwa biyu ne shi, ƙaunarsa ba ta cika ba. Kada mu yi saurin raina maganarsu, gama akwai gaskiya kaɗan a cikinta. Mai goyon bayan da ke sāke ƙungiya kowace shekara, yana bin duk wadda ta ci, ba abin yabo ba ne. Aminci abu ne mai kyau, an kuwa fi gane shi a ranar fāɗuwa. Amma a lura, aminci ya ce mini in tsaya da nawa, bai ce in yi ƙarya a kan na wani ba.

A nan ne zancen ya ke. Idan ɗan Kano ya jefa ƙwallo daga nesa ta shiga, mutumin Zariya kuwa ya ce sa'a ce kawai, alhali ya ga gwaninta da idonsa, me ya yi? Ya yi shaidar zur. Idan an ci mu muka ce alƙalin wasa ne ya karɓi toshi, ba mu kuwa da shaida ko ɗaya, mun ɓata sunan mutum domin mu sanyaya ranmu. Kada wani ya ce, ai wasa ne. Harshen da ya saba da ƙarya a bakin fage ba zai bar ta a can ba. Zai zo da ita gida, da kasuwa, da gaban shari'a. Yaran da ke zaune kusa da mu kuwa suna ji, suna koyo. Magabata sun ce yabon gwani ya zama dole.

Ga kuma wani abu. Mai raina abokin karawa, nasarar kansa ya ke rainawa. In su ragwaye ne, me muka yi da muka ci su? Ba wanda ke kirari don ya kā da gurgu. Ƙarfinsu shi ne ma'aunin ƙarfinmu, tsoronsu ne kuma ya ta da 'ya'yanmu da asuba su motsa jiki. Harshenmu ma ya san wannan, gama bai ce da shi maƙiyi ba, sai abokin karawa. Kalmar aboki tana gaba.

Littafin Sama'ila na biyu, sura 2 da 3, ya nuna mana hanyoyin nan biyu. A bakin tafkin Gibeyon, Abner shugaban mayaƙan gidan Saul da Yowab na wajen Dauda suka shirya karawa, samari 12 daga kowane gefe. Da sunan wasa aka soma, amma dukan 24 ɗin suka fāɗi matattu, yaƙi kuma ya biyo baya. Daga bisani Yowab ya kashe Abner da yaudara a Hebron. Dauda kuwa, wanda Abner ya daɗe yana gāba da shi, ya bi makarar, ya yi kuka a kabarinsa, ya ƙi cin abinci har faɗuwar rana, ya shaida a gaban bayinsa cewa babban mutum ne ya fāɗi. Ko wannan ya rage amincinsa ga mutanensa? Ko kaɗan. Jama'a suka gani, abin ya gamshe su.

Wanda ya ƙago ƙwallon kwando ma ya yi tunanin wannan. James Naismith, mutumin Kanada wanda ya yi karatun tauhidi, ya shirya wasan a watan Disamba na 1891, a wata makarantar ƙungiyar samarin Kirista a Springfield ta Amurka. Cikin dokoki 13 da ya rubuta akwai wadda ta hana turawa, da riƙewa, da taɗiya, da duka. Watau tun ranar farko an kāre jikin abokin karawa. Abin da ya rage mana shi ne mu kāre mutuncinsa.

An kuwa ga haka a zamaninmu. A Amurka da wuya a sami jami'o'i biyu masu zafin hamayya kamar Duke da North Carolina, waɗanda tsakaninsu bai wuce kilomita 15 ba. A watan Fabrairu na 2015 Dean Smith ya rasu, tsohon mai horar da North Carolina, wanda ya sha kā da Duke. Da suka gamu a filin Duke cikin watan nan, 'yan wasan duka biyu da masu horar da su suka durƙusa tare a tsakiyar fili, suka yi shiru dominsa. Sa'an nan suka tashi suka kara da iyakar ƙarfinsu. Girmamawa ba ta rage wa wasan zafi ba.

Wannan bai hana ba'a ba. Kanawa da Zagezagi abokan wasa ne tun kakanni, suna zolayar juna su yi dariya, sa'an nan su ci a akushi ɗaya. Ma'aunin mai sauƙi ne: ba'ar da za ka yi wa mutum shi ma ya yi dariya, wasa ce, wadda za ta sa ya sunkuyar da kai a gaban 'ya'yansa, cin mutunci ce.

To, mu koma ƙofar gidan nan a Chaza. Wanda ya ci, bari ya fara da gaisuwa, ya ambaci abin da ɗan maƙwabcinsa ya yi da kyau. Wanda aka ci, bari ya ce barka, ba tare da neman hujja ba. Baɗi kuma kowa ya goyi bayan nasa da babbar murya. Yau gare ka, gobe ga ɗan'uwanka. Kofi yakan sāke hannu, amma maƙwabci yana nan.

Tambayoyi domin bincike

1. Mene ne bambanci tsakanin tsayawa da naka da yin ƙarya a kan na wani?
2. Don me makokin Dauda bai zama cin amanar mutanensa ba?
3. Wace magana ka faɗa a kan abokan karawa wadda ba za ka iya maimaitawa a gabansu ba?