Hukuncin Zakkar Tsofaffin Kayan Adon da Ake Tarawa a Kabad

TAMBAYA: Ni mace ce mai sha'awar kayan adon mutanen da. Na gaji mundaye da awarwaron azurfa daga kakata, daga nan na shiga saye: sarƙoƙin Agadas, zobban maƙeran fari, tsofaffin riyalolin azurfa masu hoton mace, murjani da tsakiya, tasoshin tagulla na Bida, da wani ɗan gidan kwalli na azurfa. Wasu a Kasuwar Kurmi na saye su, wasu musaya muka yi da ƙawayena. Ba na sayarwa, kuma gaskiya mafi yawansu ba na sa su, suna nan jere a kabad. An ce mini babu zakka a kan kayan adon mace. Wata kuma ta ce in riƙa sa kowanne sau ɗaya a shekara don in fita daga shakka. Hankalina bai kwanta ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Hajiya, Allah ya ƙara miki tsoronsa. Murjani da tsakiya da tasoshin tagulla babu zakka a kansu kome tsufansu da tsadarsu, tunda ba don ciniki kika ajiye su ba. Magana tana kan zinariya da azurfa.

Wanda ya ce miki babu zakka a kan adon mace ya faɗi rabin mas'alar ya bar rabi. Malik da Shafi'i da Ahmad sun sauke zakka daga adon da mace ta tanada don sawa, kuma a cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana riƙon marayun ɗan'uwanta mata, suna da kayan ado, ba ta fitar musu da zakka. Abu Hanifa ya wajabta ta a kan ado ko ana sawa ko ba a sawa. Asali dai zinariya da azurfa dukiyar zakka ce. Abin da ya fitar da ado daga wannan asali a wurin malaman nan uku shi ne an mayar da shi abin amfanin jiki, kamar tufa. Idan wannan dalili ya gushe, hukunci ya koma inda ya fito.

Don haka Shehu Khalil a Mukhtasar, bayan ya sauke zakka daga ado, ya togace wanda aka haramta, da wanda aka tanada don ɓacin rana, da wanda aka ajiye don sadaki, da wanda aka yi niyyar ciniki da shi. Masu sharhi har sun shigar da adon tsohuwar da ta daina kwalliya ta ajiye shi don gaba. Kina iya cewa naki ba don ɓacin rana ba ne, don sha'awa ne da kallo. Na ji wannan, kuma nan ne wurin da ake saɓani na gaskiya, domin a wurin Shafi'awa wanda ya mallaki ado bai yi niyyar komai ba, zance mafi inganci shi ne babu zakka. Amma su ma sun ce idan ya nufi taskancewa ta wajaba. Wadda take zuwa kasuwa tana neman munduwar da ta fi ƙarfin hannunta, ko zoben da ba ya shiga yatsarta, don kawai ta cika jeri, tana da niyya bayyananniya, niyyar ajiya. Abin da nake ba da fatawa da shi: duk abin da ke cikin kabad ɗin nan na zinariya ko azurfa wanda ba ki tanade shi don sawa ba, ko don 'ya'yanki mata da ke raye su sa, akwai zakka a kansa kowace shekara idan ya kai nisabi. Wanda kike sawa a biki da salla, ko da jefi-jefi ne, babu.

Shawarar ƙawarki kuwa, ki yi watsi da ita. Sa munduwa na ɗan lokaci a ɗaka don a ce an sa, alhali zuciya ta san abin da ta nufa, dabara ce ta kauce wa haƙƙin talaka, kuma mazhabar Malik ta fi kowace tsanani wajen toshe irin wannan ƙofa. Abin yana damuna ƙwarai yadda wannan dabara ta yaɗu tsakanin matan da Allah ya yalwata wa, a garuruwan da marayu ke kwana da yunwa a maƙwabtansu. Ki faɗa mata ta ji tsoron Allah.

Akwai sauƙi a wajen lissafi. A mazhabarmu ta Malik nauyi ake dubawa, ba a duba kuɗin ƙira ko darajar tsufa. Sarƙar da kika saya da tsada saboda aikin maƙerin Agadas, azurfar da ke jikinta kawai za ki auna. Idan akwai duwatsu a jiki kuma cire su zai ɓata ta, sai maƙeri amintacce ya kintata. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, na zinariya dinari 20, kimanin giram 85, ana kuma haɗa su su cika wa juna, har da kuɗin da ke hannunki. Ki fitar da ɗaya bisa arba'in, ko kimarsa da farashin ranar fitarwa. Shekarun da suka wuce tun da kayan suka kai nisabi bashi ne a kanki, ki kintata su da iyakar ƙoƙari ki biya.

Riyalolin nan kuɗi ne tun asalinsu, ba su shiga rangwamen ado sai wanda aka huda aka mayar abin wuya ana sawa. Hoton da ke jiki na Mariya Tereza ne, sarauniyar Ostiriya. Kowanne nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, tsantsar azurfarsa wajen giram 23 da ɗigo 4, don haka guda 26 sun kai nisabi su kaɗai. Kuma ki sani shekarar 1780 da ke jikinsu ba ta nuna tsufansu, domin an ci gaba da buga su da wannan shekara har zamaninmu. Dillalin da ya san haka ya rantse wa mai saye cewa nasa ya haura shekara 200 ba tare da hujja ba, ya yi algus.

Gidan kwalli na azurfa ƙwarya ce, ba ado ba. Malikawa sun haramta amfani da ƙoren zinariya da azurfa, har ajiye su, ga namiji da mace. Ki kai a narkar da shi a yi miki abin sawa, kafin nan kuma yana cikin lissafin zakka.

Saura musaya, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro a tambayarki. Azurfa da azurfa ba a musayarsu sai nauyi daidai, hannu da hannu, tsohuwa ce ko sabuwa. Muslim ya ruwaito cewa Fadalatu ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya ranar Khaibara a kan dinari 12, da ya rarrabe shi sai ya sami zinariyar ciki ta fi haka, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana sayar da irinsa sai an rarrabe. Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun yi rangwame a ƙari saboda ƙira, amma mazhabobi huɗu ba su tafi a kan haka ba, ni ma ba na ba da fatawa da shi. Mafita mai sauƙi ce: ki sayar wa ƙawarki naki da kuɗi ki karɓa, sannan ki sayi nata a ciniki na dabam. Saye da naira ma sai an biya duka an karɓi kaya a zama ɗaya. Turawa ta banki ta wadatar idan kuɗin sun shiga kafin ku rabu, amma ba da kafin alƙalami a kan zinariya ko azurfa a ce sai an cika daga baya bai halatta ba. Musayar da ta wuce cikin rashin sani, ki nemi gafara, wadda kuma za a iya warwarewa ku warware ta.

Wallahu a'alamu.