Ungulu Ma Ta Shiga Jirgin Nuhu

Karatu: Farawa 7:1-9, Maimaitawar Shari'a 22:6-7



Sa'ad da nake yaro a ƙasar Maraɗi, ranar kasuwa ba ta cika sai da ungulu. Da mahauta sun soma feɗe dabba, sai ka gan su sun jeru a bisa katanga da kan tsamiya suna jiran rabonsu. Mu yara mukan jefe su, muna yi musu dariyar sanƙo. Kwanan baya na tambayi yaran makarantar Lahadi ko wa ya taɓa ganin ungulu da idonsa. Kaɗan ne suka ɗaga hannu. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, amma yau a garuruwa da yawa tsamiyar tana nan, ungulun ce babu.

Ba idonmu ne yake ruɗinmu ba. A shekara ta 2015, ƙungiyar duniya mai lura da halittu, wato IUCN, ta sa ƙaramar ungulun nan da muka saba gani a mayanka cikin jerin halittun da suke gab da ƙarewa.

To, ga tambayarmu ta yau: ina ruwan mai bi da ƙarewar tsuntsun da Shari'a ta lissafta cikin marasa tsarki? Wani zai ce, "Fasto, muna fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, kai kuwa kana maganar ungulu?" Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa zan rena ta ba. Bari mu duba Maganar Allah.

Gaskiya ne, a Littafin Firistoci sura 11 an hana Isra'ilawa cin ungulu. Amma ku lura, cinta aka hana, ba a ce a hallaka ta ba. Allahn da ya ba da wannan doka shi ne ya dubi dukan abin da ya halitta a Farawa sura 1, ya ga yana da kyau ƙwarai, ungulu kuwa tana ciki. Da ruwan tufana ya zo, ba masu tsarki kaɗai Ubangiji ya umarci Nuhu ya shigar cikin jirgi ba. Marasa tsarki ma sun shiga, namiji da mace, domin kada irinsu ya ɓace daga duniya. Da Allah yana so ungulu ta ƙare, ai ran nan ne ya fi sauƙi. Amma ya buɗe mata ƙofa. Ashe abin da ba ya shiga tukunyarmu yana da wuri cikin shirin Allah.

Wane aiki ya ba ta? Ita ce mai sharar da ba a biyanta. Ruwan cikinta yana da ƙarfi ƙwarai, har yana kashe ƙwayoyin cututtuka irin su ciwon saifa da ke cikin mushe. Garken ungulu yakan cinye mushen saniya kafin ya ruɓe ya ɓata ruwa da iska. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce ungulu ba ta jewar banza.

Mutanen Indiya sun ga abin da rashinta yake jawowa. Daga shekarun 1990, makiyaya a can suka riƙa ba shanu wani maganin ciwo mai suna diclofenac. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka ba maganin, sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Cikin 'yan shekaru, fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu irin ungulayensu suka ƙare. Mushe ya taru, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. A 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa mutane wajen rabin miliyan suka rasa rayukansu tsakanin 2000 da 2005 saboda wannan rashi. Kun gani, maganar ungulu maganar 'ya'yanmu ce.

A nan Afirka kuwa, hannunmu ne yake kashe ta. Wani yakan zuba guba a mushe don ya kashe kura ko karen da ya dame shi, sai ungulu su sauka su mutu tuli. A Botswana a 2019, ungulu 537 suka mutu a kan gawar giwaye 3 da aka sa wa guba. A Gini Bisau a 2020, an kashe fiye da 2,000, da yawa kuma an same su babu kai, gama ana sayar da kan ga masu tsafi. Wannan ciniki yana nan a kasuwanninmu na Nijar da Najeriya. Ana gaya wa mutum kan ungulu zai kawo masa sa'ar ciniki, ko farin jini, ko sanin gaibu.

'Yan'uwa, a nan ne zuciyata take da nauyi. Ba zan rantse cewa babu mai zuwa sujada ran Lahadi da ya taɓa biyan kuɗin irin wannan abu a ɓoye ba. Wanda ya yi haka ya yi laifi biyu: ya juya wa Ubangiji baya ya dogara ga abin da Maimaitawar Shari'a sura 18 ta haramta, ya kuma hallaka halittar da take tsare lafiyar maƙwabcinsa. Ka yi tunani, tsuntsun da bai san akwai guba a naman da ke gabansa ba, yaya kansa zai nuna maka gobe? Wannan shi ne ainihin ungulu da kan zabo. In kana cikin wannan, ɗan'uwana, ƙofar tuba a buɗe take yau.

Karatunmu na biyu ya koya mana iyaka. An ce wa Ba'isra'ile in ya tarar da sheƙar tsuntsu, kada ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe, sai ya saki uwar, aka kuma haɗa wannan da alkawarin tsawon rai. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. In ka kashe uwa, ka kashe shekaru masu yawa. Mulkin da Allah ya ba Adamu a kan halitta amana ce, mai amana kuwa zai ba da lissafi.

Me za mu yi? Kada mu sa guba a mushe. Kada mu saya, kada mu sayar da wani sashe na ungulu. Mu bar manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Mu hana yaranmu jifanta, mu gaya musu wanda ya yi ta da aikin da ya ba ta. Wanda ya koyi ganin hannun Allah a kan tsuntsun da kowa ke ƙyama, ba zai yi wuya ya gan shi a kan mai shara da mai kwasar bola ba, gama Bulus ya tuna mana a 1 Korantiyawa sura 12 cewa gaɓoɓin da ake renawa ba a iya rabuwa da su.

Addu'a: Ya Ubanmu na Sama, kai da ka kiyaye masu tsarki da marasa tsarki cikin jirgin Nuhu, ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa aikin hannunka. Ka kuɓutar da mu daga dogara ga tsafi, ka mai da mu amintattun masu riƙon amana. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.