Taswirar Tamowa da Hukuncin Kai Zakka Inda Aka Fi Buƙata

A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta mafi yawan mutanen masarautar Dutse suke, ƙa'ida ita ce a raba zakka a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, kuma malamai sun auna kusancin da tazarar da ba ta kai ta ƙasarun salla ba. Sai dai Muhtasar na Halil ya halatta kai mafi yawanta nesa idan mutanen can sun fi shiga ƙunci, kamar yadda ya so a fifita wanda ya fi matsuwa ko da a cikin gari ɗaya ne. Abin da hukuncin ya bar wa kowane zamani shi ne hanyar gane wanda ya fi matsuwar, wadda a da ta dogara da shaidar mai unguwa da dagaci da liman.

Yanzu an samu wata shaidar, wato taswira. Ma'aikaciyar lafiya tana zagaya damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da tsiririn ma'auni mai launi uku, kuma idan kaurin bai kai santimita 11.5 ba awon yakan faɗa kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Idan aka haɗa irin wannan awo da na tsayi da nauyi, aka ɗora su a kan wuraren da aka ɗauko su, sai yunwa ta bayyana yanki-yanki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da yara shida cikin goma a Jigawa sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, amma adadin jiha bai bambanta ƙauyen Gwaram da ke bakin iyakar Bauchi da cikin garin Birnin Kudu mai babban asibitin tarayya ba. A shekarar ce kuma cibiyar IHME ta Amurka ta fitar da taswirar tamowar yara a Afirka wadda ta yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kilomita 5 tsawo da faɗi.

Ko irin wannan taswira ta isa hujjar da kwamitin zakka zai karkatar da buhunan gero da dawa daga wata gunduma zuwa wata? Abin da take bayarwa rinjayen zato ne, ba yaƙini ba, domin yawancin ƙauyuka ba a taɓa auna yaransu ba, lissafi ne ya cike gurbinsu daga maƙwabtansu, ga shi kuma masu binciken sukan gusar da ainihin wurin ƙauye da tazarar da kan kai har kilomita 5 da gangan don kada a gane gidajen, abin da ya dace da suturar da addini ya nema wa mabuƙaci. Amma fiƙihu bai taɓa jiran yaƙini a irin wannan babi ba, tunda shaidar dagaci ma zato ce, kuma son kai ya fi saurin shigarta. Saboda haka taswira ta isa ta nuna inda za a fara, har ma tana kawar da uzurin rashin sani daga hukuma, domin ceton rai farilla ce ta kifaya, wadda idan babu wanda ya tsaya mata laifin yakan hau kan duk wanda ya sani kuma yake da iko.

Inda ba ta isa hujja ba shi ne wajen hana wani. Zakka haƙƙin mutum ce, ba ta yanki ba, kuma yaron da aka yaye da wuri a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare kuma zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yi yawa, yana iya kasancewa a unguwar da taswira ta shafa wa kore, inda ma'aunin damtse da idon ungozoma ne kaɗai za su gano shi.