Laifin Ƙofa ko na Mai Shiga? Tsokaci a Kan Tabar Wiwi da Manyan Ƙwayoyi

Gabatarwa

Birnin Bauchi gari ne na ƙofofi. Tun da Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa shi a wajajen 1809 aka kewaye shi da ganuwa, har yau mutanen garin suna kwatance da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Ƙofar Wunti da Ƙofar Dumi. Saboda haka idan aka ce wa mutumin Bauchi tabar wiwi ƙofa ce ta shiga shan manyan ƙwayoyi, nan da nan zai gane abin da ake nufi. Sai dai magana mai saurin shiga kunne ita ce ta fi buƙatar a tsaya a auna ta, musamman da yake a kanta iyaye da malamai da hukuma suke gina hukuncinsu game da 'ya'yanmu. Abin da muke son dubawa a wannan maƙala shi ne: shin da gaske wiwi ce ke jan mai shanta zuwa ga abin da ya fi ta muni? In kuwa haka ne, ina alhakin ya rataya, a kan ganyen, ko a kan mai shansa, ko a kan al'ummar da ta bar ƙofar ba mai gadi?

Asalin Zancen

A 1975 wata masaniya a Amurka mai suna Denise Kandel ta buga sakamakon binciken da ta yi a kan ɗaliban sakandare na Jihar Niyok. Ta lura cewa shaye-shaye yana da matakai kamar tsani: yaro kan fara da giya, ya wuce sigari ko barasa mai ƙarfi, sannan wiwi, daga nan ƙalilan su haura zuwa hodar iblis da 'yan'uwanta. Da wuya a sami wanda ya tsallake matakin wiwi ya dira a sama. Wani bincike da aka buga a 2003 a kan tagwaye a ƙasar Ostareliya ya ƙarfafa zancen, domin an ga cewa a cikin tagwayen da suka tashi gida ɗaya, wanda ya fara shan wiwi kafin shekara 17 ya fi ɗan'uwansa faɗawa wasu ƙwayoyin da ninki biyu zuwa biyar.

Amma biyowa daban, haddasawa daban. Kullum carar zakara kan riga fitowar rana, ba wanda ya taɓa cewa zakara ne ke fito da ita. Wasu masana suna ganin abin da ya kai yaro ga wiwi, kamar ƙuncin rai, ko rashin mai kwaɓa, ko son gwada abin da aka hana, shi ne dai yake kai shi ga sauran, wiwi ta riga zuwa ne kurum don ita ce mafi arha da sauƙin samu. Alƙaluman ƙasarmu ma suna da abin cewa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi mu'amala da ƙwaya a shekarar da aka yi binciken, kimanin 530,000 daga cikinsu a Jihar Bauchi. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, alhali masu shan hodar iblis ba su cika dubu ɗari ba. Da a ce ƙofar tana jan duk wanda ya tsaya bakinta, da tazarar ba ta kai haka ba.

Hukuncin Hanya

Tun kafin Turawa su raɗa wa matsalar suna, malaman Malikiyya sun daɗe da ƙa'idar da suke kira saddu zari'a, wato toshe hanyar da ke kai wa ga ɓarna ko da ita hanyar ba ɓarna ba ce a karan kanta. Imam Ƙarafi na Masar, wanda ya rasu a 1285, ya kasa hanyoyi kashi uku. Akwai wadda kowa ya yarda a toshe, kamar haƙa rijiya a tsakiyar turbar jama'a. Akwai wadda kowa ya yarda a ƙyale, kamar noman inabi, da ba a hana shi don tsoron wani zai matse shi ya yi giya. Akwai kuma ta tsakiya da malamai suka yi saɓani a kanta. Ma'aunin shi ne yawan kai wa ga ɓarnar da girmanta, a ɗora su a sikeli ɗaya da amfanin da ke cikin hanyar.

Idan muka ɗora wiwi a wannan sikeli, za mu ga ba ta ma buƙatar a tuhume ta da laifin wasu, nata ya ishe ta. Shi Ƙarafin ya lissafta ganyen cikin abubuwan da ke ɓata hankali, hankali kuwa yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare. Likitoci sun zo sun tarar da shi a nan. A ƙasar Suwidin an bi diddigin samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, sakamakon da aka buga a 1987 ya nuna waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba kamuwa da taɓin hankali mai tsanani da kusan ninki shida. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, don haka yaro ɗan shekara 15 da ke busa ta tamkar mai taka ɗanyen bulo ne. Wanda ke cewa ai ganye ne kawai, Allah ne ya tsiro da shi, sai mu tuna masa cewa zaƙami ma ganye ne, kuma ba banza Bahaushe ya kira shi haukata-yaro ba.

Inda Ƙofar Take

A ganinmu, zaman wiwi ƙofa ya fi danganta da wurin da ake samunta da mutanen da ake shanta tare da su. Yaron da ya je sayen ƙulli ɗaya a bayan tasha ko cikin wani kango ya koyi abubuwa uku a yini guda. Ya san dila, wanda a aljihunsa na dama akwai wiwi, a na hagu akwai roci da tiramol, kuma ribarsa ta fi yawa a na hagun. Ya sami abokai waɗanda girma a wurinsu shi ne wa ya fi juriya, ga shi kuwa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, ya gano cewa zai iya aikata abin da mahaifinsa ya hana, ya dawo gida ya ci tuwo, sama ba ta faɗo ba. Kunya ita ce ganuwar tarbiyyar Bahaushe, kuma ganuwa in ta tsage a wuri ɗaya, damina ce ke ƙarasa sauran.

Mutanen Bauchi sun ga wannan da idonsu a shekarun da 'yan sara-suka suka addabi unguwanni, kamar yadda Gwambe ta sha fama da 'yan kalare, Kano da 'yan daba. Yaro kan shiga da zuƙa ɗaya don a karɓe shi cikin tsara. Ranar da za a fita kamfen ko ɗaukar fansa, wiwi ba ta isa ta cire masa tsoro da tausayi ba, sai a miƙa masa ƙwaya. Wanda ya ba da kuɗin ƙwayar kuwa yana gida, 'ya'yansa suna makaranta. Ƙasar Holan ta yi la'akari da wannan haɗuwa ta kasuwa lokacin da ta gyara dokarta a 1976, ta raba hukuncin wiwi da na manyan ƙwayoyi don mai neman ɗaya kada ya faɗa hannun mai sayar da ɗayan. Ba muna kira a kwaikwaye su ba ne, addininmu da al'adarmu ba su ba da wannan fili ba, amma abin da suka hango game da dila gaskiya ne a Amsadam, gaskiya ne a Bauchi.

Ƙofofin da Ba a Tsare Ba

Akwai kuma abin da zancen ƙofa ɗaya yake ɓoye mana. Binciken 2019 ɗin nan ya nuna mutum miliyan 4.6 suna shan magungunan kashe zafi irin su tiramol ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 suna shan maganin tari mai kodin, kuma cikin kowane masu shaye-shaye huɗu, ɗaya mace ce. Matar auren da ƙawarta ta miƙa wa kwalba a gidan biki don ta manta da zafin kishi ba ta taɓa ganin wiwi ba. Ɗan ga-ruwa da lebura da ɗan dako da ke haɗiyar tiramol da asuba don jiki ya ɗauki aikin yini, neman abinci ya kai su. Ƙofarsu kantin magani ce, mai fitila da allon suna, wadda ba wanda ke jin kunyar shiga. Sai da gidan BBC ya nuna fim ɗin bincikensa a ƙarshen Afrilun 2018 sannan Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Illar waɗannan ta wuce ta wiwi nesa. Kodin yana rikiɗa ya zama mofin a cikin hanta, wato dangin hiroyin ne. Tiramol da likita kan rubuta miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan zo da 225 a ƙwaya ɗaya, wani kuwa sai ya watsa uku ko huɗu a baki. Sakamakon shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, da danne numfashi har mutum ya kwanta barci bai farka ba, musamman in ya gauraya da roci. Mafi sharri shi ne jiki kan saba. Abin da aka fara sha don jin daɗi sai ya koma ana shansa don gudun azaba, domin ranar da aka rasa, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi, ga gudawa, ga rashin barci. A wannan matsayi ne yaro ke sayar da tukunyar uwarsa yana kuka.

Alhaki

A nan tambayar ɗabi'a take da wuya. Ɗan Adam mai zaɓi ne, kuma ba mu yi wa matashi adalci ba in muka mai da shi kamar kara a bakin ruwa. Abin da mutum ya shuka shi zai girba. Amma zaɓi yana da girma a zuƙar farko, yana ƙanƙancewa da kowane mataki, har ya kai inda mai shan yake son bari da zuciya ɗaya jikinsa ya ƙi. Adalci shi ne a tsananta gargaɗi a farkon hanya inda zaɓi yake da ƙarfi, a yawaita jinƙai da magani a ƙarshenta inda ya raunana. Mu kuwa sau da yawa mukan juya abin: mu kau da kai lokacin da yaro ya fara dawowa da jan ido don gudun abin kunya, sa'an nan in ya lalace mu ɗaure shi da mari ko mu sallama shi.

Tsananin doka kaɗai an gwada shi. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, da shekara 10 ga mai shanta. A Afrilun 1985 an harbe mutum uku a Legas saboda fataucin manyan ƙwayoyi. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, wadda har yau take kame da ƙone gonaki a dazuzzukan Ondo da Edo. Duk da haka alƙaluman da muka kawo a baya sun samu. Doka tana da muhallinta, musamman a kan dila da mai kantin da ya sayar da amanar sana'arsa da mai ɗaukar nauyin 'yan banga, waɗanda su ne masu haƙa rijiya a kan turba. Amma yaron da aka kama da ƙulli ɗaya aka kulle shi tare da riƙaƙƙun masu laifi, an buɗe masa wata ƙofar ce da hannun hukuma.

Haka nan mu kula da harshenmu. In muka ce wa yaro duk wanda ya sha wiwi ya haukace, gobe ya ga abokinsa ya sha ya ci jarrabawa, to mun zubar da amincin maganarmu, ranar da muka gargaɗe shi game da tiramol ba zai saurara ba. In kuma muka laƙaba masa suna ɗan wiwi, muka hana shi aiki da aure da sahun gaba, mun rufe masa hanyar dawowa, ba shi da sauran jama'a sai 'yan kango. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, wiwi ƙofa ce ga wasu, musamman waɗanda suka fara da ƙuruciya, kuma ko ga wanda bai wuce ta ba cuta ce mai zaman kanta. Amma ba ita kaɗai ce mashiga ba, kuma abin da ke tura mutum ciki ya haɗa da dila da abokai da zaman banza da baƙin cikin da ba a sami wanda za a faɗa wa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wajibin uba ne ya san inda ɗansa yake bayan sallar isha'i, na miji ya san abin da ke damun iyalinsa, na mai unguwa ya san kangon da ke unguwarsa, na gwamnati ta tsare kantin magani ta kuma yawaita wuraren jinya, na malami da marubuci su faɗi gaskiyar kowace ƙwaya gwargwadonta, ba ragi ba ƙari. Wanda kuma ya riga ya shiga, haƙƙinsa ne a kanmu ya tarar da mu a tsaye muna jiransa ranar da ya waiwayo. Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare mana hankulanmu, amin.