Wa Ya Aike Ku? Tsokaci Kan Wahalar Da Mutum Ya Sayo Da Kuɗinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta taso daga Kafanchan ta ratsa Kagoro zuwa Manchok ya san cewa daga nan ƙasa take fara miƙewa sama. Manchok ita ce hedikwatar masarautar Moro'a a Ƙaramar Hukumar Kaura, kuma tana zaune ne a gindin tsaunukan Filato, ta yadda mai nufin Vom ko Jos ba shi da makawa sai ya yi ta hawa har ya kai tudun da ya tasam ma mita 1,200 bisa teku. Wannan hawa ne ya ja hankalin wasu ɗalibanmu su shida, waɗanda a wani hutu suka kama ɗakuna biyu a garin, suka yi kwana bakwai suna abin da suka kira sansanin horo. Da asuba su hau kekuna su doshi tudu, da la'asar su fita gudu, da dare su kwanta jiki na tsami.

A rana ta huɗu muka bi su a mota, muna riƙe musu ruwa da abinci. A tsakiyar wani hawa sai suka cim ma wani dattijo yana tura tsohon kekensa, da buhu biyu na masara ɗaure a kariya, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Na gabansu ya ce, "Baba, sannu da ƙoƙari." Dattijon ya tsaya ya dubi hulunan kwanonsu da kekunansu marasa kaya, ya ce, "Yauwa, samari. Me kuka ɗauko?" Suka ce ba komai. Ya ce, "To, wa ya aike ku?" Ɗaya ya amsa, "Ba kowa, Baba, lafiya muke nema." Sai ya yi murmushi ya ce, "Ni kuwa tawa nake ƙararwa."

Tambayar wannan dattijo ita ce maƙasudin wannan rubutu. Shin wahalar da mutum ya nemo da ƙafarsa, ya biya ta da kuɗinsa, tana da wata daraja a ma'aunin ɗabi'a? Ko kuwa wasa ne kawai na wanda ya ƙoshi?

Asalin Wasan Da Yanayin Sansaninsa

Wasan da waɗannan samari ke kwaikwayo shi ne wanda ake kira tirayatalon, wato gasa mai rassa uku a jere ba hutu: iyo, sannan tseren keke, sannan gudu. A sigarsa ta zamani ya faro ne a birnin San Diyego na Amurka a 1974. A 1978 aka yi gasar Ironman ta farko a tsibiran Hawai, inda mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe. Nisanta shi ne iyo na kusan kilomita 4, da keke na kilomita 180, da gudun famfalaki na kilomita 42 da 'yan kai. A shekarar 2000 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Sidni, da nisan da bai kai wancan ba: kilomita 1.5 a ruwa, 40 a keke, 10 a ƙafa. Ɗalibanmu dai rassa biyu suka iya riƙewa, domin ba su sami ruwan da suka amince da shi ba.

Babu mai tunkarar irin wannan nisa da tsakar rana tsaka, shi ya sa ake kafa sansani. Hikimar sansanin ita ce a tara wa jiki gajiya kwana bayan kwana, sannan a bar shi ya huta. Masana aikin jiki sun nuna cewa ƙarfi ba ya ƙaruwa a lokacin da ake wahalar, sai a lokacin barci da hutu, sa'ad da tsoka ke gyara abin da ya ɓaci, zuciya kuma ta saba da tura jini mai yawa. Haka kuma sukarin da jiki ke taskacewa a tsoka da hanta ba ya wuce na awa biyu ko ƙasa da haka idan aiki ya yi tsanani. Wanda bai ci bai sha a kan hanya ba, ƙafafunsa za su mutu murus ko da yana da zuciyar zaki. Ashe dai gaskiyar masu iya magana ce, da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Abin Da Masu Suka Ke Gani

Bai kamata mu yi gaggawar watsi da tambayar dattijo ba, domin tana da tushe. Wannan tudu da samari ke hawa don nishaɗi ya daɗe da sanin gumin waɗanda ba su da zaɓi. Layin dogo da ya tashi daga Kafanchan ya bi ta Manchok ya isa Jos a 1927, ƙarfin lebura ne ya fasa masa duwatsu domin a kwashi kuza. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, daga 1942 zuwa 1944, an kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuzar Filato, kuma da yawansu sanyi da yunwa da cuta suka halaka su. Har yau manomi na tura masara da citta a keke, mace na ɗaukar itace a ka, ba don suna son gwada ƙarfinsu ba.

A irin wannan ƙasa, in ji masu suka, wanda ya sayi keken da kuɗinsa zai ciyar da gida na watanni, don kawai ya wahalar da kansa, ya yi kama da mai yi wa masu wahalar gaske gwalo. Gumin manomi yana zama tuwo, gumin ɗan tsere kuwa ƙasa ke shanye shi. Sun ƙara da cewa a ƙarƙashin wannan juriya akwai son a sani, domin da wuya ka ga wanda ya hau tudu ya sauko bai ɗauki hoto ya baza wa duniya ba. Wannan suka ce mai nauyi, kuma duk wanda ya ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ya so ransa.

Abin Da Al'ada Ta Riga Ta Sani

Sai dai kuma neman wahala da gangan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗan dambe da ke yawon gari gari da kaka, babu wanda ya aike shi. Saurayin Bafillace da ke buɗe ƙirji a fagen sharo, yana shan bulala ba ya ko motsa fuska, shi ya kai kansa. Al'umma ba ta kira waɗannan mahaukata ba, kirari ta yi musu, saboda ta fahimci cewa wanda ya saba da zafi a fagen wasa ba zai watse ba ranar da zafin gaske ya zo. Fataken da suka riƙa tafiyar watanni daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ba a ranar tashin ayari suka koyi juriya ba. Tun suna yara ake saba musu da tafiya da ƙishi.

A nazarin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa a 1974 kan mutumin kirki a tunanin Bahaushe, haƙuri na cikin halaye goma da ya lissafa, tare da gaskiya da amana da hankali da sauransu. To haƙuri ba a gadonsa kamar gona, koyonsa ake yi, kuma ba a koyonsa a inuwa. Ke nan sansanin horo yana iya zama makarantar haƙuri. Amma mu lura, halayen goma ne, kuma haƙurin da ya rabu da sauran 'yan'uwansa ba ya mai da mutum na kirki. Jaki ma yana da juriya.

A nan ne muke ganin ainihin bambancin dattijo da samarin. Tudu ɗaya suke hawa, rana ɗaya ke dukansu, amma su suna da ikon tsayawa, shi ba shi da shi. Duk lokacin da saurayi ya ga dama zai sauka ya shiga mota, ba abin da zai rasa sai 'yar kunya. Wannan 'yanci shi ne ke sa wahalarsa ta zama abin tuhuma, kuma shi ne dai ke sa ta iya zama abin yabo, domin ba a yaba wa mutum ko a zarge shi sai a kan abin da ya zaɓa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: me mai wannan 'yanci ya yi da shi?

Inda Juriya Ke Rikiɗa

Tarihin waɗannan wasanni ya ba mu misalan da za mu auna. A gasar Ironman ta watan Fabrairun 1982, wata ɗaliba mai suna Julie Moss tana kan gaba sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta daf da ƙarshe. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, wata ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe. Duniya ta yaba mata, hotunanta suka jawo dubban mutane cikin wasan. Amma shekara 15 kafin nan, ranar 13 ga Yulin 1967, ɗan tseren keken Ingila Tom Simpson ya faɗi a kan dutsen Bantu a gasar zagayen Faransa, ya nace aka mai da shi kan keke, ya ɗan taɓa tafiya ya sake faɗuwa, bai ƙara tashi ba. Yana da shekara 29. Bincike ya nuna ya sha ƙwayoyin ƙara kuzari da barasa a cikin tsananin zafi, abin da ya toshe masa kunne daga gargaɗin jikinsa.

Jiki magayi ne, kuma hankali shi ne sauraren abin da ya faɗa. Tun zamanin Girkawa, Aristotal ya sanya jarunta a tsakanin tsoro da ganganci, mu ma a harshenmu mun raba ƙarfin zuciya da ƙarfin hali irin na ɓarawo da sallama. Mai juriyar gaske ya san zafin da ake daurewa da wanda ake tsayawa dominsa. Wanda ba ya iya tsayawa ya riga ya sarayar da 'yancin nan da ya bambanta shi da dattijon, ya zama bawan burinsa, kuma wannan bauta ta fi muni domin shi ya ɗaure kansa.

Haka nan juriya takan rabu da gaskiya. Lance Armstrong ya lashe gasar zagayen Faransa sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, kuma babu mai musun cewa ya sha wahala a kan keke. A 2012 aka ƙwace nasarorin duka saboda amfani da haramtattun magunguna. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wahalarsa ta gaske ce, amma ba ta gyara masa hali ba, domin tun farko ba hali ya je nema ba.

Misali na ƙarshe ya sha bamban. A 2016, a tsibirin Kozumel na Meziko, Jonny Brownlee yana kan gaba a wata babbar gasar tirayatalon sai zafi ya juyar masa da kai, ya fara tangaɗi 'yan ɗaruruwan mitoci kafin ƙarshe. Wansa Alistair, wanda ke da damar neman na ɗaya, ya rage gudu ya rungumo shi, ya ja shi har layi ya tura shi gaba. Wani ɗan Afirka ta Kudu ne ya lashe tseren. Shi kansa tseren keke a kan irin wannan yake tafiya: wanda ke bin bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, saboda na gaba ya tare masa iska, don haka 'yan ayari kan karɓi gaba bi da bi. Gayya ce a kan taya biyu, kuma wanda ke laɓewa kullum bai taɓa karɓar iska ba, abokan tafiya sun san sunansa.

Kammalawa

Idan muka tattara, wahalar da mutum ya zaɓa ba ta da daraja a karan kanta, kamar yadda wuta ba ta zama abinci. Darajarta tana ga abin da ta dafa. Idan ta koya wa mai ita sanin iyakarsa, ta tsare masa gaskiya, ta kuma buɗe masa ido ya ga na gefensa, to ta cancanci a kira ta haƙuri. Idan kuwa abin da ta haifar shi ne girman kai da raina wanda bai hau tudu da keken tsada ba, to masu suka sun yi gaskiya, banza ce ta kori wofi.

Mafi girman ribar da saurayi zai samu a irin wannan sansani ita ce ya ɗanɗana a jikinsa, na kwana bakwai, abin da wasu ke sha shekara da shekaru ba ranar sallama. Wanda cinyarsa ta taɓa ƙuna a hawan Manchok bai kamata ya sake ganin mai tura kaya ya ɗauka itace ne a gefen hanya ba, ko da wata rana ya zama mai riƙe da alƙalamin da ke yanke farashin masara ko gyaran hanya.

Ranar nan dai, bayan maganar dattijo, huɗu daga cikin samarin suka yi masa sallama suka taka feda, domin suna auna lokacinsu da agogo. Biyu suka sauka, suka jingine kekunansu a jikin motarmu, suka kama masa turi har ƙarshen hawan. Da dare, da aka zo rubuta sakamakon yini, su biyun ne a ƙasan takarda. Ba mu ce komai ba a lokacin, amma da mu aka ba alƙalamin, da mun juya takardar.