Ayar da ke cikin ɗigon ɓargo

Tsarki ya tabbata ga Allah da Ya ɓoye tushen jini a cikin ƙashi. Ɓargon baligi yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa, ga farare masu yaƙar cuta, ga masu tsayar da zubar jini, alhali mai jikin yana barcinsa.

Wata rana ƙwaya ɗaya tak sai ta kauce hanya, ta ƙi girma, ta yi ta haihuwar irinta har ta cushe ɓargon. Sankarar jini ke nan. A garin Sanyinna, idan yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi yana jini, kowa cizon sauro zai fara zargi, kuma da gaskiyarsu, don shi suka saba gani. Ido ba ya rarrabewa. Sai a babban asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu, a shafa a gilashi, a rina, a duba da madubin likita. Nan ake gane ko daga zuriyar limfoyid cutar ta fito, wadda ta fi yawa a yara, ko daga mayeloyid. Kowace da maganinta.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce sankarar kaluluwa da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Muƙamuƙin yaro ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, a ce hangum ne, a kira wanzami. Ƙarin kuwa yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. A madubi sai ka ga fili baƙi-baƙi da ɗigo-ɗigon haske, kamar taurari a daren hunturu: ƙwayoyin da Allah Ya ɗora wa aikin shara ne suke haɗiye matattu. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin wannan ƙari, kuma yawan zazzaɓin sauro yana share mata fage, shi ya sa ya fi addabar yaran Afirka. Can cikin ƙwayoyin ƙarin, wani guntun zaren gado na 8 ne yake musanya wuri da na 14. Subhanallah!

Saurin nan na ƙarin shi ne lagonsa, don maganin sankara ya fi kama ƙwaya mai gaggawar rabuwa. Yaron da aka kai da wuri, kumburinsa yakan fara saɓewa cikin 'yan kwanaki.