Suna da amana: darasin wata tsohuwar rediyo

A shekarun 1980, in ɗan Adar ya dawo daga bida a Abijan, ba a tambayar abin da ya samu: rediyo mai kaset da ke rataye a kafaɗarsa ta riga ta ba da amsa. Sau da yawa sunan da ke goshinta shi ne Sanyo.

Toshio Iue ne ya kafa kamfanin a Japan a 1947, ya raɗa masa suna mai nufin "tekuna uku", domin burinsa kayansa su ƙetare su duka. Sun kuwa ƙetare, har suka iso kasuwar Tawa, inda babu ko kogi. Amma girgizar ƙasa ta 2004 ta lalata masana'antarsa a Niigata, asara ta taru, masu kayan araha suka cika kasuwa. A 2009 Panasonic ya saye mafi yawan hannun jarinsa, a 2011 ya haɗiye shi.

Tambayar ita ce: mene ne suna? Manomin da ya sayar da tunkiya ya sayi wannan rediyo bai taɓa ganin maƙeranta ba. Haruffa biyar ya amince wa, su ne alkawali tsakaninsa da baƙin da ke bayan teku. Daga baya aka riƙa ba wasu kamfanoni hayar sunan, su liƙa shi ga nasu kaya. Doka ta yarda. To, amana fa, ana ba da hayarta? A ganina, ana gadon suna, amma amana sai kowane zamani ya nome ta da kansa. Haka yake ga ɗan malami, haka yake ga jikan sarki.

Sai dai kada mu yi wa ƙarfe makoki mu mance da abin da ya ɗauko. Cikin waɗannan kaset akwai waƙoƙin Ɗan Gurmu, da kirarin ƴan kokowa, da muryoyin uwaye da ba su iya rubutu ba, suna aika wa ƴaƴansu gaisuwa da gargaɗi. Zafi da ƙura suna cinye su a cikin akwatuna, masu gyaran rediyo kuma suna ƙarewa.

Ya ku malamai da ƙungiyoyin al'adu, faɗuwar Sanyo ba laifinmu ba ce. Amma in muryar kaka ta ɓace alhali muna da kwamfutar da za ta juye ta, wa za mu tuhuma?